Dogon Hannun Agogona da Ruwan Garkar Gamkalle

Zuwa ga Mai girma Darektan kantin agogo da rediyo da ke fuskantar Babbar Kasuwa, Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sau uku na zo ƙofarka ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na kawo maganar inda kowa zai karanta.

Sunana Isufu. Shekara biyu kawai na yi a kolej mahaifina ya rasu, na fito na kama dako a bakin kogi. Yau ina da garka tawa a Gamkalle, ba gado ba ce, ba kyauta ba ce. Mu goma sha biyu muka haɗu muka sayi injin ban ruwa ɗaya, aka damƙa mini makullinsa saboda na iya karatu. Aikina in ba kowace garka rabin awa, ba ƙari ba ragi. Don wannan aikin na shigo kantinka, shekara guda bayan samun mulkin kai, na zaɓi agogon hannu mai maɓalli biyu a gefe, wanda kuke kira kurono.

Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Ranar da na saya, na ga dogon hannu siriri na tsakiya a tsaye cik a kan sha biyu, na tambaya ko agogon matacce ne. Ma'aikacinka, dogon nan mai farin tabarau, ya danna maɓallin sama, hannun ya tashi. Ya ce mini shi ne mai ƙirga sakan, in bar shi yana tafiya, kada in sake taɓa maɓallan. Takardar bayani kuwa bai sa mini a kwali ba. Na yarda da shi. Ba zan ɓoye ba, har daɗi nake ji in ga hannun nan yana zagaye a gaban mutane. Shekara biyu da watanni ban tsayar da shi ba ko na minti ɗaya.

Na biyu. Da asuba nake murɗa agogon. Da safe yana tafiya daidai, to ashe in la'asar ta yi sanyi ƙarfinsa ya ragu, sai ya riƙa tsayawa yana tashi, ni ban sani ba. Garkar ƙarshe a layinmu, wadda ke shan ruwa gab da magariba, ta Hamani ce, wan matata. Rabin awarsa ta zama kusan awa. Ganyen salatinsa ya yi kore shar, na Baba Saini da ke gabansa a layi yana yaushi. Baba Saini dattijonmu ne, ba ya karatu, amma ya kafa kara a bakin kwatarsa yana auna inuwa kwana bakwai. Sannan ya aro agogon tebur, ya ajiye a kan injin, gaban kowa. Aka ga bambanci ƙiri-ƙiri. Mai girma Darekta, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mutumin da ya ɗauke ni tamkar ɗa ya dube ni ya ce bai san ina sayar da ruwan jama'a don surukuta ba.

Na uku. Na kai agogon wurin wani ɗan Dahome mai gyara a Ƙaramar Kasuwa. Ya buɗe bayansa, ya ba ni gilashinsa na duba da idona. Akwai wani ɗan faifai mai haƙora ƙanana kamar gashi, shi ke jan dogon hannun. Haƙoran sun cinye a gefe guda, man ciki ya bushe ya koma baƙin gari. Ya bayyana mini cewa hannun nan ba na sakan ba ne. Na sakan yana cikin ɗan da'irar da ke gefe. Dogon an yi shi ne don a tayar da shi lokacin auna wani aiki, a tsayar, a mayar da shi sha biyu. In aka bar shi kullum, yana jan ƙarfin agogon kamar jaki ɗaya da kaya biyu, kuma dole a riƙa wanke shi ana sa mai akai-akai. Wato abin da nake bukata don rabon ruwa yana ɗaure a hannuna tun ranar farko, ma'aikacinka ya hana ni taɓa shi.

Na huɗu. Da na zo da wannan bayani, ma'aikacin ya ce bai taɓa ganina ba. Zuwa na biyu ya aiko mai gadi ya gaya mini wai ɗan garka ba ya iya riƙe irin wannan agogo. Zuwa na uku an bar ni tsaye a rana har aka rufe kanti. Ni da na shigo da ƙafata na saya, ba roƙo na zo ba.

Ina da nawa laifin. Na iya Faransanci, ya kamata in nemi takardar, girman kai ya hana ni nuna akwai abin da ban sani ba. Wannan na ɗauka. Amma sunan ɓarawon ruwa ba zan ɗauka ba.

Ranar Juma'a mai zuwa, bayan an sauko daga masallaci, 'yan garka za su zauna a gindin mangwaron Baba Saini su yanke ko za a karɓe makullin daga hannuna. Maganar ɗan Dahome ba za ta wadatar ba, sun ce ni na kai masa aiki. Hamani ya daina zuwa garka. Matata ba ta iya shiga kasuwar unguwa.

Saboda haka ba sabon agogo nake nema ba, gyara ma na yi da kuɗina. Ina roƙon takarda ɗaya mai hatimin kantinka, wadda ta ce barin hannun nan yana tafiya kullum na cinye agogo har ya riƙa tsayawa, kuma a kantinka aka ce in bar shi. In takarda ta yi nauyi, ka turo mai tabarau ya faɗa da bakinsa, zan ba shi kujera da ruwan sha. Kuma ka umarce shi ya daina gaya wa masu saye abin da ya gaya mini.

Allah ya ƙara wa kantinka albarka, ya tsare ka daga ranar da za a tuhume ka da abin da ba ka aikata ba.

Dogon hannun yana tsaye a kan sha biyu yanzu. Ranar Juma'a zan tayar da shi gaban mutane goma sha ɗaya, in ba kowa rabin awarsa, ko kuwa in ajiye makulli a kan tabarma in tashi. Wanne ne zai faru, yana teburinka.

Wassalam.

Isufu mai makullin inji,
Gamkalle, Yamai.