Warin Kalaba a Ɗakin Marigayiya

Malama Jamila, assalamu alaikum. Ina roƙon ki taimaka mini a kan al'amarin da na kasa faɗa wa ko limamin unguwarmu.

Shekara ashirin da shida na yi ina aikin auna yanayi a Kalaba. Kowace safiya ni ke rubuta yawan laimar da ke cikin iska, saboda haka ba zan ce ban sani ba: a can ko takalmi ka ajiye mako guda, sai ya yi funfuna. Matata Baraka ta kamu da tari. Likita ya ce iskar garin ba ta karɓe ta ba, a mayar da ita Arewa. Na ce ta jira a yi mini ƙarin girma ɗaya. Ta jira har uku. Da muka dawo unguwarmu ta Koki a Kano, wata goma sha ɗaya ta yi, Allah Ya karɓi abarSa.

Na hana a raba kayanta. Adakar zannuwanta tana nan yadda muka taho da ita. Na sa aka shafe bangon ƙasa na ɗakinta da siminti don kada ya zube, aka toshe tagar, na kulle.

Bana jikata Yusra, 'yar shekara tara, ta dawo wurina saboda makaranta, kuma babu inda za ta kwana sai ɗakin. Tun kamawar watan Agusta warin gidanmu na Kalaba ya cika shi. Yarinyar ta fara tari irin na kakarta sak: sau uku a jere, sai shiru, sai ɗan fito a ƙirji. Jiya da la'asar ina alwala na ji shi, sai na ji bakina ya ce, sannu Baraka.

Ƙanwata ta ce iskoki ne, kullum tana banka turaren wuta ta rufe ƙofa. Ni kuwa karatuna ya nuna mini Kano busasshen gari ne, funfuna ba ta da mazauni a nan. To mene ne ya biyo ni?

Tsohon ma'aikaci, Koki

Wa alaikumus salam, Baba. Allah Ya jiƙan Hajiya Baraka.

Karatunka gaskiya ne, amma ka auna sararin Kano, ba ka auna ɗakin ba. Bangon ƙasa yana shan ruwan damina, ya fitar da shi in rana ta fito. Siminti ya hana shi fitarwa, tagar kuma a toshe. Da hannunka ka gina ƙaramar Kalaba a Koki.

Ƙanwarka kulawa ce ta sa ta, kada ka yi mata faɗa. Ta ci gaba da addu'a, amma hayaƙi a rufaffen ɗaki ƙara wa ƙirji nauyi yake yi.

Yau ɗin nan ka fitar da Yusra, ko da ɗakinka za ka bar mata, gobe a kai ta asibiti. A fasa tagar, a kira magini ya duba bangon. A buɗe adakar a tsakar gida yarinyar ba ta kusa, a wanke abin da zai wanku a shanya, a raba wa magada yadda addini ya tsara. Ladan zanen da aka ɗaura ya fi na wanda ya ruɓe.

Ban isa in ce maka jinkirin baya bai yi illa ba. Kwana na Allah ne, kuma ƙofar istigfari a buɗe take. Amma wancan karon an ce ka fitar da mai tari ka ce a jira. Wannan karon kada ka jira.

Allah Ya ba Yusra lafiya, Ya sanyaya maka zuciya.