Jitar da Ta Jira Bahago

Mararaba,
Nuwamba, 2006.

Zuwa ga Yayana Alexander,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da sauran sojojinmu da ke aikin kiyaye zaman lafiya a can Laberiya. Ba ma tashi daga addu'a sai mun ambace ka. Allah ya tsare fitarka da shigarka, ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Mu nan lafiya lau muke. Maigidana Nicholas yana nan yana fama da tuƙinsa, ni ma ina nan da buga takardu a ma'aikatarmu ta Garki. Felicity ta shiga firamare, yanzu ita ke gyara mini Turanci, Marvel kuwa haƙora yake fitarwa, ba abin da ya tsira daga bakinsa har wayar babansa. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, an ce har kasuwa tana zuwa. Abuja kuma sai ka dawo ka gani, in mutum ya daɗe bai bi wani titi ba sai ya nemi mai nuna masa hanya.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna, don maganar autanmu Thaddeus ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da aka hana acaɓa a cikin birni yaron nan ya rasa abin yi. A Mararaba babura sun fi fasinja yawa, sai ya wuni a rana ya dawo da abin da bai kai na mai ba. Baba ya ce ya dawo gida a toni citta, zaman Abuja ba na marar aiki ba ne, kai ma da ka kira a waya ka goyi bayan Baba. Ban ce ba ku da gaskiya ba, amma ni nake kwana gida ɗaya da shi, ni nake jin yadda yake sa tsohuwar jitar cocinmu ta yi magana. Na san in ya koma ƙauye ya rungumi fartanya, shi da kiɗa sai dai a mafarki, kuma abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ana cikin haka sai aka haɗa shi da wani Oga Farouk, shugaban wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a lambunan shaƙatawan nan inda ake gasa kifi, da wuraren biki. Mai jitarsu ya tafi Legas, suna neman wani. Thaddeus ya ari jitar coci ya je gwaji, ya dawo kamar kazar da ruwa ya daka. Matsalar ita ce yaron nan bahago ne, ka fi kowa sani. Jitar lantarki kuwa yawanci ta masu dama ce, don haka juya ta yake yi ya sake ɗaura wayoyin. To in an juya ta, abin murɗa murya sai ya koma daidai ƙarƙashin hannunsa. Yana tsakiyar kiɗa hannun ya goge shi, murya ta mutu ɗif, aka bar shi yana ta kaɗa waya ba mai ji. Oga Farouk ya ce ya ga yaron yana da hannu, amma shi ba zai ɗauki mai jitar da ke yin shiru a gaban baƙi ba. Ya ce ya dawo ranar Asabar da kayan aikinsa na kansa, in da hali jitar kamfanin Fenda, wadda makaɗa ke ce wa Strat, don muryarta ce ta dace da irin kiɗansu.

A makon nan kuma sai ga Baba ya sauka. Ya zo ganin likitan ido a Gwagwalada, amma tun bai ajiye jaka ba ya sanar da mu cewa ranar Lahadi bayan sujada zai koma, kuma kujera biyu za a kama masa a mota, tasa da ta Thaddeus. Thaddeus bai yi musu ba. Washegari ya tura babur ɗinsa ya sayar, ya kawo mini kuɗin a ƙulle, ya ce in raka shi, wai ni ce mai bakin ciniki. Na ɗauki hutu a ofis da sunan zan kai Baba asibiti, Nicholas ne ya kai shi, Allah ya gafarta mini.

Mun fara da wani babban shago a Wuse mai sanyi kamar cikin firiji. Nan na ga Fendar da ake ta magana, an rataye ta can sama kamar hoton shugaban ƙasa. Da aka faɗi kuɗinta sai na ce a sake faɗa, na ɗauka kunnena ne. Yaya, babur ɗin Thaddeus ko wuyanta ba zai saya ba. Ta bahago kuwa sun ce sai an yi oda daga waje, a jira har bayan Kirsimeti. Yaron shagon ya tausaya mana, ya nuna mana wata Sikwaya, ya ce ƙanwar Fenda ce, gida ɗaya suka fito, sannan ga wata Yamaha da ya ce masu koyo da ƙwararru duk suna yabo. Thaddeus ya ce dukansu kaya ne na kirki, da ƙarin taimako daga wajena za mu iya kaiwa, amma duk na masu dama ne. Muka bi Garki shago shago. A wani wuri aka fito mana da wata mai sunan Fenda ɓaro-ɓaro a ka, da araha har abin ya ba ni tsoro. Thaddeus ya ɗaga ta ya kanne ido ɗaya ya bi wuyanta da kallo, ya ce ya karkace, da aka jona ta kuma sai gunji take kamar injin niƙa. Na kankare sunan da farce a ɓoye, ashe manna shi aka yi.

Ranar Juma'a da yamma mun gaji liƙis, mun sauka a Nyanya za mu canza mota, sai na hango wani ɗan shago na masu sayar da sifika da ganguna ga coci-coci. Thaddeus ya ce mu wuce kawai, ni na ja shi, na ce mai nema yana tare da samu. Mai shagon ya nuna mana guda biyu, duk na dama. Har mun juya sai ya ce, to, akwai wata a bayan kwalaye, amma shi ba ya son ya cuce mu, lalatacciya ce daga kamfani. Ya ce cikin kaya ta zo masa, ƙirar Koriya, komai nata irin na Strat ne sak, sai dai an haife ta a juye. Wani fasto ya taɓa saya wa cocinsa, bayan kwana kaɗan ya dawo da ita yana faɗa, wai an sayar masa da jita mai baya a gaba. Tun daga nan take kwance tana shan ƙura. Ya jawo ta ya goge da tsumma, ja ce kamar manja. Na dubi fuskar Thaddeus na ga murna za ta tona mana asiri, nan take na take masa ƙafa da dunduniyar takalmina.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Na ɓata rai, na ce wa zai kai kuɗinsa ga abin da fasto ma ya ƙi. Na kushe launin, na kushe ƙurar, na ce sai dai mu saya don yara su yi wasa. Mai shagon ya yi ta ba ni haƙuri, ya faɗi kuɗin da ya sa na kusa yin guɗa, na daure na ce sai ya haɗa da jaka da igiyar ratayawa. Ya amince. Sai da muka gama magana sarai sannan Thaddeus ya ce a jona ta ya ji. Ya rataya ta a hagu, ta zauna masa daram, abin murɗa muryar yana can ƙasa inda ba ruwansa da hannu. Ya gyara wayoyin, ya saki kiɗa. Yaya, masu jiran mota sai da suka cika ƙofar shagon. Mai shagon ya riƙe ƙugu yana kallon hannun yaron, can sai ya gane, ya ɗora hannu a ka yana dariya har da hawaye, yana cewa madam ta kashe shi. Amma mutumin kirki ne, ya ce magana zarar bunu ce, abin da ya faɗa ya faɗa. Na ƙara masa na goro don raina ya kwanta.

Ranar Asabar da la'asar na matsa wa Baba ya bi mu. Ya ce shi dattijon ikilisiya ne, me zai kai shi wurin gashin kifi, na ce ai kafin mutane su taru za a yi, kuma likita bai hana shi ji da kunne ba. Ya zauna can gefe da baƙin tabaransa, ya harɗe hannu. Oga Farouk ya juya jitar ya duba sunan da ke kanta, ya taɓe baki ya ce wannan ba Fenda ba ce. Thaddeus ya ce ranka ya daɗe, a saurara tukuna. Suka fara da kiɗan rawa, suka koma na Hausa, suka shiga na Kwango mai gudun nan, yaron nan bai bar su sun tsere masa ko taki ɗaya ba. Yatsunsa suka gangara har ƙarshen wuyan jitar, inda da can ba ya iya kaiwa, murya na fita tas kamar an wanke ta. Masu gasa kifi suka bar wuta suka zo kallo. Oga Farouk ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗan, ya ce shi dai ya ji Strat, duk wanda bai yarda ba ya je ya karanta suna. Nan take ya ce a auna Thaddeus a ɗinka masa rigar ƙungiya, zai fara aiki a wani biki mako mai zuwa. Ni kam ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, na yi kuka kuma ban ji kunyar kowa ba.

Muka koma gida, ranar Lahadi muka je sujada muka dawo. Da muka raka shi tasha, ɗan kamasho ya tambaya mutum nawa, Thaddeus na tsaye da jakar Baba a hannu ya sunkuyar da kai. Baba ya ce mutum ɗaya. Ya ce in rubuta maka cewa za a nemi 'yan ƙwadago su toni cittar, in kana da abin taimako ka aiko. Ya shiga ya zauna, sai da mota ta fara motsi ya leƙo ta taga ya ce wa Thaddeus ya zo gida da abin nan ran Kirsimeti, shi zai nemo janareta ko daga ina ne, don Mama ba za ta yarda da labari ba sai ta ji da kunnenta.

Saboda haka, Yaya, ka roƙi manyanka hutu tun yanzu. Thaddeus yana gaishe ka, ya ce bai riƙe ka a zuci ba ko kaɗan. Nicholas na gaisuwa, Felicity da Marvel suna gaida Baba Soja. Matarka Anti Christina ta zo mana makon jiya, ita da yaran duk lafiya, ta ce ka riƙa kira. Inna Magdalena ma ta aiko da gaisuwa daga gida. Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai.

Ni ce ƙanwarka da ta yi gaskiya wannan karon,
Lucia.