Ba Zan Sayar da Keken Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna? Ka ce mata ina lafiya, ɗorin hannuna ya kama, da hagu dai nake rubutu.

Ka ce in sayar da keken in dawo gida. Ba zan sayar ba, da shi nake zuwa aiki. Mota ce ta bige ni a mararrabar da 'yan makaranta ke bi, ba ni na bige ta ba.

Jiya a taron hukumar gari na nemi a ware mana hanyar keke. Shugaban ya ce babu fili. Na ce, "Ranka ya daɗe, filin ajiye motocinku fa?" Zan koma, da iyayen 'yan makarantar.

Addu'a nake so, Yaya, ba lallashi ba.

Ƙanenka