Baba Ya Karɓe Wuƙar Shifargel

Bruchsal, Jamus
9 ga Yuli

Zuwa ga ƙanena Hartwig,

Ina gaishe ka gaisuwar 'yar'uwa mai kewarka, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Marlis da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa sanyin da kuke ciki yanzu a Ostareliya ya zo da sauƙi. Mu nan muna godiya. Gwiwar maigidana Ekkehard ta yi dama, har ya koma hawa keke yana firgita kajin maƙwabta. Gwaggo Irmtraud kuwa kunne ya ƙara nauyi, amma bakin yana nan yadda ka bar shi.

Maganar Baba ce ta sa na zauna rubutu, don a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen zance. Tun da aka sallamo shi daga asibiti a watan Afrilu abinci ya fita ransa. Na yi masa sabon dankali da man shanu, ya ture. Na dafa koren wake da ƙananan karas, ya ce in kai wa zomaye. Alayyafo da ƙwai kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Likita ya ce zuciyar ta gaji, kuma in ba ya ci jikin ba zai riƙe ba. Ana cikin haka sai shifargel ɗin lambunmu, farin tsiron nan mai kamar yatsa da ake yankowa a dafa, ya fara tsaga ƙasa. Ka tuna kunyoyin da ya dage ya shuka, lokacin da Gwaggo ta ce tsohon da ya haura tamanin yana shuka abin da sai an jira shi shekara uku, in ba taurin kai ba to rashin lissafi ne? To, bana aka fara yankansa sosai.

Kullum da sassafe nake fita, kafin rana ta taɓa kansa ya canza launi. Inda na ga yashi ya tsage sai in tona da yatsa, in zura doguwar wuƙar nan in yanko shi fari sol, in mayar da ƙasa in shafe. Girkin ba wani mai wahala ba ne. In fere shi daga wuya zuwa gindi, in tafasa ɓawon tukuna don ruwan ya ɗauki ɗanɗano, in tace, sannan in zuba shi da gishiri da ɗan sukari da man shanu. Yau ya ci da dankali, gobe in yi masa miya da ragowar ruwan da ɗan fulawa da madara. Hartwig, mutumin nan ya ci! Yana ci yana mita, wai ina fere shi da yawa, rabin abincin a kwandon shara yake ƙarewa, wai da Mama tana raye da ta kore ni daga kicin. Na bar shi ya yi ta faɗa, tunda cokali yana zuwa baki. Kumatunsa har sun ɗan ciko.

Sai ga ranar Yohanna ta zo, ashirin da huɗu ga Yuni, ranar da kowa yake ajiye wuƙa a bar shukar ta yi ganye ta tara ƙarfin baɗi. Ni kam na ƙudura bana ba ruwana da wannan al'ada, ta ran ubana nake yi. Washegari na ɗauki wuƙa na fita. Ban kai ga durƙusawa ba na ji ana dukan gilashin taga da sanda. Baba ne, mutumin da sai an kama shi yake zuwa banɗaki, ya ja jiki shi kaɗai har taga. Na koma ciki raina a ɓace. Na ce masa abin nan kaɗai yake ci, ƙarin 'yan makonni ba zai kashe kunya ba. Ya ce zai kashe mana, shukar yarinya ce, in aka matsa mata bana, baɗi sai dai mu dafa tsinken tsintsiya. Na ce to bari in sayo na kanti. Ya ce wai wanda aka ɗauko a jirgin sama daga wata uwa duniya, shi da bai taɓa hawa jirgi ba, ba zai ci abin da ya fi shi yawo ba. Gwaggo da ke gefe ta ce tun suna yara haka yake, jaki ma ya fi shi jin magana. Ya ce mata ita da ba ta ji abin da ake cewa ba, wa ya sa da ita.

Daga nan ya miƙo hannu, na ba shi wuƙar. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya ce shi ya ci rabonsa, kuma ya yi daɗi, kalmar da bai taɓa faɗa a kan girkina ba. Ya ce in shafa mata mai in rataye a rumfa, baɗi kuma in nuna maka yadda ake rufe rami, don kai tun kana yaro aikinka na gaggawa ne. Ya faɗi wanda za a ba yankan farko da waɗanda za a aika wa, har matar fasto bai manta ba. Kansa ne kawai bai ambata ba. Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska na dafa masa koren wake. Ya ɗan taɓa don ya faranta mini.

Yanzu kunyoyin sun yi kore shar, shi kuma yana wuni a taga yana kallonsu, wandonsa kullum yana ƙara yi masa yawa. Ka ce za ka zo baɗi lokacin shifargel. Gaskiya nake gaya maka, tsoro nake ji. Shifargel zai jira ka, Baba ya riga ya tabbatar da wannan. Shi Baban ne ban ga alamar zai jira ba. Ka nemi hutu ka taho cikin watan nan, ko da kai kaɗai ne.

Ka gaida Marlis da kyau, ka shafa mini kan Jorinde da Tilman. Ekkehard da Gwaggo suna gaishe ku duka. Baba bai san na rubuta maka ba, kuma in ka iso kada ka gaya masa ni na kira ka. Na riga na gyara tsohon ɗakinka.

Taka yayarka,
Reinhild