Ka Bar Mana Dutsen Amare

Assalamu alaikum, Sabi'u.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Na rubuto maka a nan inda kowa zai gani ne saboda ka daina ɗaga wayata. Na je har gidanka na Rijiyar Zaki, aka ce ka yi tafiya, alhali ga motarka a ƙofar gida.

Ai na san motar. A cikinta muka yi yawon nan bara da kaka, da ka zo ƙauyenmu ka ce in rufe shagon ɗinki mu je mu ga ƙasa kafin tsufa ya kama mu. Tun muna firamare a Ɗanbatta kake da ƙafar yawo, ni kuma ban taɓa iya ce maka a'a ba.

Mun fara da Daura, muka sha ruwan rijiyar Kusugu, ka cika jarka ka ce tsarabar Innata ce. Mun hau Dala kana haki, ina yi wa tumbin da birni ya ajiye maka dariya. A bakin dam ɗin Tiga muka kafa tantin da ka aro, iska ta tumɓuke shi, muka ƙare a kan tabarma muna cin gasasshen kifi. Ranar ka ce, "Habu, mun yi asara da ba mu san ƙasarmu ba." Na ji daɗin maganar nan har raina.

A Birnin Kudu, bayan mun ga zanen shanu a jikin duwatsu, mai kula da wurin ya ƙwanƙwasa wani dutse, ya yi ƙara kamar ƙararrawa. Ka tsaya baki buɗe. Sai na ce muna da irinsa a bayan garinmu, namu ma ya fi zaƙin murya.

Da muka dawo na kai ka. Na nuna maka fa, shimfiɗaɗɗen dutsen nan da mata ke shanya kuɓewa da barkono a kai, na nuna maka Dutsen Amare a gefensa, wanda ƙawayen amarya ke bugawa ranar sa lalle har a ji a ƙauyukan maƙwabta. An buga wa Inna, an buga wa matata. Ka zaga wurin, ka ƙwanƙwasa nan ka ƙwanƙwasa can, ka kasa kunne, ka tambayi gonakin waye a kewaye. Wallahi na ɗauka ƙauna ce. Ashe ƙwarin dutsen kake aunawa.

Kafin ruwa ya sauka sai ga tifofi da injin fasa dutse. Na tambayi shugaban ma'aikatan wa ya turo su, ya kira sunanka har da na mahaifinka. Sabi'u, ban taɓa jin ciwo irin na ranar ba. Da baƙo ne da sauƙi. Kai ka ci tuwo a ɗakin uwata.

Yanzu fan ya tafi, sai rami. Mata na shanya a gefen hanya, awaki na bi ta kai. Nakiya ta tsaga katangu da yawa a unguwarmu, kuma a majalisa ba a ambaton sunanka, sai dai a ce baƙon Habu.

Dutsen Amare ne kaɗai ya rage, shi ma shekaranjiya na ga an shafa masa jan fenti, alamar shi za a fasa nan gaba. Bikin Sa'adatu kuwa bayan Sallah ne. Sa'adatu dai 'yata, wadda ka ɗauka a kafaɗa ranar yaye, wadda har gobe take kiranka Baba Sabi'u. Ƙawayenta har sun ware duwatsun da za su buga da su.

Ban ce ka mayar da abin da ya tafi ba. Na ɗauko tsakuwa biyu daga abin da injinka ya niƙa, na buga su da juna, babu wani amo. Wannan ɗaya da ya rage nake roƙonka, ɗan'uwana. Waya ɗaya za ka buga su tsallake shi.

Inna ba ta san kai ne ba, na hana kowa ya faɗa mata. Tana nan tana sa maka albarka saboda ruwan Kusugu. Ta ma ƙulle maka busasshiyar kuɓewa, ta ƙarshe da aka shanya a kan fan, ta ce in ka zo biki a ba ka.

Allah ya tausasa zuciyarka, ya sanyaya tawa, ya sa ranar da za ka zo ka jiyo Dutsen Amare tun daga bakin titi.

Wanda ya nuna maka hanya,
Habu Tela