Dambun da Ba Ni Na Dafa Ba

Makarfi, ranar Alhamis

Zuwa ga Zayyad, sanyin idona, farin cikin raina, ruwan randa a tsakiyar bazara, mutumin da idan an ambaci sunansa nake manta abin da aka aike ni. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, ya bi ka ofishin gona na Ikara, ya raka ka har garinku Likoro wurin Innarka. Ina fatan kana lafiya. Ni kam ba zan ce maka lafiya lau nake ba, don ƙaryar da na riga na yi ta isa haka.

Yau kwana biyar ke nan ban ji muryarka ba. Kwana biyar, Zayyad! Kai da kake kirana don kawai ka gaya mini an yi ruwa a Ikara, ka tambaya ko ya iso mana. Wayata ba ta barin hannuna, ko alwala zan yi sai na jingina ta inda idona zai kai. Sau biyu na kira ka ta yi ta ƙara har ta katse, ban kuma ba, domin ko ka ɗaga ban san ta inda zan fara ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ita takarda muryarta ba ta rawa.

Ka riga ka gane abin da ya faru, amma ina so ka ji shi daga bakina, tun daga tushe. Ka tuna azumin da ya wuce, lokacin da manyanka suka zo gaisuwa gidanmu aka ba ka izinin zuwa zance? Kowace budurwa a layinmu tana aika wa saurayinta abincin shan ruwa, ni ma na bugi ƙirji na ce maka dambu zan yi maka. Na ɗora madambaci tun azahar. Da na buɗe, ƙasa ya caɓe, sama kuwa tsaki ne tsagwaronsa, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. La'asar ta wuce, ga Maiwada, direban bas ɗin da zai kai maka, yana ta kirana daga tasha yana cewa motarsa ta cika. Sai na sunkuci kulata na ruga gidan abincin Zulai da ke bayan tasha, na shiga ta ƙofar baya, ta cika mini ita da nata dambun. Na ce wa kaina daga yau ba ƙari.

Washegari ka kira ni. Wayyo, da ma ba ka kira ba! Ka ce tun da kake ba ka taɓa cin dambu irin wannan ba, ka yabi yadda aka yanka zogale, ka yabi ƙamshin gyaɗa, ka ce hannun da ya yi wannan ba za ka sake shi ba har abada. Na buɗe baki in faɗa maka gaskiya, daɗin yabon ya rufe mini shi. Wace mace ce za a ce mata haka ta ce ba nata ba ne? Na yi dariya kawai na ce ai kaɗan ka gani. Kalmar nan ita ta ɗaure ni.

Tun daga nan kowace Alhamis, wata bakwai cur, ina bin ƙofar bayan Zulai da kula a ƙarƙashin hijabi. Mutane suna karɓar nasu a robar tekawe a cikin leda, ni kuwa sai dai a zuba mini a kular gidanmu don kada ka gane. Faten tsaki, waina da miyar taushe, farfesun kan rago da ka ce ya kore maka mura, duk girkinta ne. Abu ɗaya ne nawa a ciki. Ni nake tsayawa a kanta ina cewa a rage yaji don yana tayar maka da ciki, kada a sa ɗanyar albasa, a ƙara zogale. Sanin abin da kake so, wannan kam ba a wurin kowa na karɓo shi ba.

Ba ƙiwa ba ce, ka yarda da ni. Shekara shida na yi a makarantar kwana, na ƙara uku ina karatun aikin asibiti, a gida kuma Yaya Wasila ce ke riƙe da murhu har ta yi aure. Ina iya tuwo da miyar kuka, ina iya shinkafa da wake, ba za ka kwana da yunwa a gidana ba. Amma tsakanin wannan da abin da na saba maka da shi akwai tafiya mai nisa, kuma na san da haka duk ranar da na miƙa wa Maiwada kula.

Sai ranar Asabar ɗin nan. Ka zo da fara'arka, cikin shaddar nan ruwan toka da take yi maka kyau har nakan kasa kallonka, ka ce yau sai na huta da wuta, za ka kai ni da Yaya Wasila mu ci abinci a waje kamar mutanen birni. Ka ga irin kirkinka? Shi ne ya kama ni. Na ce mu je sabon wurin nan na hanyar Zariya, na ce ko tsire ma ya wadatar, har ciwon kai na ƙirƙiro. Ka ce a'a, abokinka Yahuza ya rantse maka duk Makarfi babu kamar wurin Zulai. Muna tafe ina addu'a Allah ya sa ta tafi biki, ko gas ɗinta ya ƙare, ko ta rufe saboda wani dalili.

Tana nan zaune daram a bakin tukunyarta. Tana ganina ta washe baki, ta ce, "Mukarrama, yau kuma ta ƙofar gaba? Ina kular?" Kafin in haɗiye yawu ta juya ta kalle ka sama da ƙasa, ta ce, "Kai ne na Ikara, wanda ba ya son yaji? Sannu da zuwa, ɗana, ai mun daɗe da sanin juna."

Ba da mugunta ta faɗa ba, baiwar Allah, ita a zatonta ka sani. Ni kuwa na samu kujera na zauna. Yaya Wasila ta taka ni a ƙarƙashin tebur har yanzu wurin yana ciwo. Ka ce a kawo dambu. Ka kai cokali ɗaya baki, ka ajiye, ka dube ni. Wannan kallon, ya abin ƙaunata, shi nake gani duk inda na juya. Babu fushi a cikinsa, da akwai ma da na samu abin riƙewa. Kallon wanda yake neman wani a fuskar da ya sani ne. Daga nan ka cinye abincinka tas, ka yi wa Zulai godiya, ka mayar da mu gida, ka durƙusa ka gaida Baba kamar kullum, ka hau babur ɗinka. Da faɗa ka yi mini a gaban kowa da ya fi mini sauƙi.

Yanzu saura mako biyar ɗaurin aurenmu, ni kuma ban san ko akwai sauran aure a zuciyarka ba. Na san ka cika baki a gaban Inna da abokanka cewa ranar da amarya za ta fara girki duk Likoro sai ta san an kawo mace. Na san Inna ta ɗanɗana farfesun nan ta sa mini albarka, albarkar da ba ni na cancance ta ba. Idan na tuna haka sai kunya ta rufe ni. Amma ba kunyar ranar girki ce ta fi damuna ba. Tsorona kada ka zauna kana bin duk abin da na taɓa ba ka ɗaya bayan ɗaya, kana tambayar kanka wanne ne nawa, wanne ne na aro. Kana yin haka? Shi ya sa ka yi shiru?

To ka ji, ya hasken zuciyata. Faɗuwar gaban da nake yi idan na ji ƙarar babur ɗinka a layinmu, ba Zulai ce ta dafa mini ita ba. Hawayen da na yi ranar da ka faɗi a hanyar Kudan ka kurje gwiwa, nawa ne. Addu'ar da nake yi maka bayan kowace salla, da sunanka cikakke nake yin ta, babu mai tsaya mini. Na yi maka ƙarya a kan tukunya saboda ina tsoron in ragu a idonka, kuma na san wannan ba hujja ba ce. Laifi na yi, ina neman gafararka. Idan kuma girkin ne kake so ba ni ba, to ina tausaya maka, don Zulai jikokinta tara, mijinta kuma mahauci ne. Ka ga ina wasa, amma wallahi babu wasa a raina.

Ranar Lahadi na faɗa wa Umma komai. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta wanke ni tas, ta ce ita ma da nata laifin da ta bar ni da littafi kawai. Ranar Litinin na koma wurin Zulai na roƙe ta ta koya mini. Ta ce in zo da safe kafin in wuce asibiti, kuma ba ta raga mini ko kaɗan, jiya sau biyu ta sa na sake wanke tsaki. Tururi ya ƙona mini yatsu uku. Ta ce ina da ido amma ba ni da haƙuri, kuma a mako biyar ba zan kamo ta ba, ko a shekara biyar ma sai an dace. Na faɗa maka wannan don kada in sake yi maka alkawarin abin da ba ni da shi.

Yau Alhamis, ranar da ka saba karɓar saƙona. Maiwada zai ba ka wannan takarda tare da abinci. Dambu ne, ni na yi shi a gidanmu, daga wankin tsaki har saukewa babu hannun da ya taɓa shi sai nawa. Gishiri ya ɗan zarce, gefe ɗaya kuma ya dunƙule, na gani na bar shi haka. Wannan shi ne abin da za ka riƙa samu idan ka aure ni, sai dai abin da Allah ya ƙara a gaba.

Ka ci ko cokali ɗaya ne, sannan ka kira ni ka faɗa mini gaskiyar yadda ka ji shi. Kada ka yaba, yabo ne ya kai ni inda nake. Idan kuwa zuciyarka ta riga ta juya, ina roƙon ka don Allah ka fara faɗa mini kafin ka faɗa wa Inna, in ji daga bakinka, kada in gani a fuskar Baba. Motar Maiwada takan isa Ikara kafin la'asar. Daga lokacin zan zauna kusa da waya.

Taka a yau, taka ko ka kira ko ba ka kira ba, wadda ba za ta sake miƙa maka abin da ba nata ba muddin tana numfashi,

Mukarrama