Tafiyar da Tsoho Bai Yi Ba

Zuwa ga angona Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin nan da ya hana ka leƙo matarka ta fari. In sakina ka yi ka faɗa, in nemi wani tun da sauran haƙorana.

Rubutu na yi ban kira ba, don kakanka in dai zancensa ake kunnensa garau ne, sai an ce ya sha magani yake kurmancewa.

Ga abin da ake ciki. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce zuciyar tana son motsi, ya riƙa hawa kekensa kullum, a hankali, ba nisa. Babanka kuwa ya kafe, wai keken nan ne zai kashe shi, a jingine shi mu tattara mu koma gidansa. Ka san tsohon nan, da a raba shi da keken gara a raba shi da ni. Aka yi ta ja-in-ja, har aka tsaya a kan a samo abin da zai riƙa nuna tafiyarsa. In yana iyawa, a ƙyale shi. In ya gaza, ko ya zarce abin da likita ya ce, babanka ya zo da mota ya kwashe mu.

Kai ne ɗan tseren keke a dangi, sai ka zaɓo mana. Ka huta lafiya.

Kakarka

*

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida Tsoho da jiki. Saki babu shi. Wa zai karɓe ki da wannan bakin?

Ga saƙon na ba direba. Na'urar ƙirga tafiya ce, marar igiyar waya na zaɓa, don mai igiya in Tsoho ya ga igiyar tana reto zai ɗaure ta da tsumma har ta tsinke. Lambobinsa manya ne, maɓallinsa ɗaya tak, ruwan sama kuma ba ya shiga.

Abu uku ne a kwalin. Mai fuska kamar agogo, a ɗaura shi inda ake riƙe keken. Ɗan baƙin, a ɗaure shi da igiyoyin robar a ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba. Sai maganaɗisu mai kama da maɓallin riga, a maƙala shi a ɗaya daga siraran ƙarafunan tayar, ya riƙa giftawa ta gaban ɗan baƙin, tsakaninsu kada ya wuce kaurin tsinken ashana. Duk juyin da taya ta yi, agogon zai ƙirga. Na riga na saita masa girman tayar.

Kullum da yamma ki karanta lambar, sannan ki danne maɓallin har ta koma sifili.

Allah ya ƙara wa Tsoho lafiya.

Jikanki

*

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, an kuma ɗaura, amma sai da aka sha kallo.

Na ce a kira mai gyaran keke. Kakanka ya ce shi da ya san keken nan tun kafin a haifi babanka, wane yaro ne zai koya masa? Na ce to sa tabarau. Ya ce idonsa ras. Sai ga shi ya ɗaura agogon kai a ƙasa, mai son karantawa sai ya tsaya a gaban keke kamar zai tare shi. Maganaɗisun kuma ya suɓuce masa ya ɓata. Muka share tsakar gida, muka ɗaga tabarma, ya zargi kyanwa. Ashe yana manne a bakin almakashin da ke hannunsa. Da na nuna masa sai ya ce dama nan ya ajiye.

Da farko lambar 'yar kaɗan ce, kilomita biyu da ɗan ɗori. Babanka ya kira na karanta masa, ya ce, "Iyakarta ke nan?" Tsohon yana gefe yana shan shayi.

Yanzu bar dariya, Dogo. Tun daga ranar lambar ta haukace. Kilomita talatin, arba'in, jiya har ta haura hamsin. Ka san da hantsi nake tafiya jinyar ƙanwata, sai bayan azahar nake dawowa, don haka ban san tsawon fitarsa ba. Na tambaye shi ina yake zuwa. Ya ce shagon mai aski na bakin titi, ya juyo. Na ce agogo ya ce ka yi nisa. Ya kalle ni ya ce shi dai abin da ya sani ke nan.

Haka yayansa ya fara. Ya fita ya yi ta yawo, ya dawo ya rantse bai je ko'ina ba, daga baya har sunan 'ya'yansa ya ɓace masa. Ko abinci na kasa ci. Don Allah ka ce mini abin nan naka yana ƙarya.

Kakarka

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Da zan iya ce miki yana ƙarya da na ce. Yakan ƙi ƙirgawa in maganaɗisun ya yi nesa, amma ba ya ƙirƙiro tafiya. In ya nuna, to tayar ta juya.

Dole ta sa na gaya wa Baba. Zai zo ƙarshen mako da mota, ya kuma nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa. Kafin nan kada ki bar Tsoho ya fita shi kaɗai. Ki ci abinci, Kaka.

Jikanki

*

Angona,

Gaisuwa, kuma ka zauna kafin ka karanta, kada ka faɗi.

Da na ga takardarka na ce yau sai na ga inda mutumin nan yake zuwa. Na yafa mayafi na yi masa sallama kamar kullum, na shige gidan maƙwabciya na laɓe a taga. Can sai ga shi ya fito da keke. Ya taka a hankali har shagon mai aski, ya sauka ya huta, suka gaisa, ya juyo. Na ce to, wannan dai gaskiya ya faɗa.

Na jira ya sake fitowa, shiru. Na lallaɓa na shiga gida, takalmi a hannu. Sai na ji wani ƙis-ƙis-ƙis daga ɗakin ajiya. Na leƙa.

Dogo, kakanka ne zaune a kan kujerata ta tsakar gida, rediyo a gefe, ya kifa keke ƙafafu sama, yana kaɗa tayar gaba da muciyata. In ta lafa ya ƙara mata. Har da ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya.

Na ce, "Sannu da hanya, matafiyi. An kusa isa?"

Muciyar ta faɗi. Ya ce yana duba iska ne. Na ce iskar kilomita hamsin? Ya zaro ido ya ce, "Hamsin? Ni na ɗauka ko biyar ban cika ba!" Ashe ba ya ganin lambar, kaɗawa kawai yake har a gama labarai.

Na zauna a ƙasa ina dariya, hawaye na zuba, ni kaina ban san na wanne ba ne. Na ce don me ka bar ni ina zaton hankalinka ya gushe? Ya daɗe yana kallon tayar har ta tsaya da kanta. Ya ce, "Yaron nan ya ce iyakarta ke nan. Kuma iyakar tawa ke nan. In na wuce shagon numfashina ba ya kaiwa. Na ji tsoro a ce na gaza."

Ban taɓa murnar auren maƙaryaci ba sai yau. Ka gaya wa babanka ya sallami likitan ƙwaƙwalwa, kan da ya shirya wannan maguɗi lafiyarsa ƙalau. Sauran maganar ka bar mini, ni na haife shi.

Kakarka

*

Dogo,

Gaisuwa a taƙaice, direba na jira.

Babanka ya zo. Na sa shi ya kira likitan zuciya a gabanmu, likita ya ce zuwa shagon da dawowa shi ne daidai, kada a ƙara kada a rage. Babanka ya sunkuyar da kai, ya ba uban haƙuri. Motarsa ta koma wayam.

Yanzu agogon a hannuna yake kwana. Sai tsohon ya kai bakin ƙofa nake maƙala masa, yana dawowa in zare. Yau ya kawo biyu da ɗan ɗori, nasa na halak. Na karanta masa, ya ce bai ji ba, in maimaita da ƙarfi.

Ka huta lafiya.

Kakarka